Ruwa Milimita Huɗu

Ina gaishe ku, masu karanta ni a waya, na gida da na ci-rani, har da waɗanda suka rubuto wa 'yata cewa tsoho ba ya soyayya. An karanta mini saƙonku. Kai da ka ce in koma masallaci in riƙe carbi, ka sani carbina ya girmi ubanka, kuma bai taɓa rufe mini ido ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ne Muttaƙa Mai-Ruwa na Kwarin Gawo, ƙasar Waca. Ban taɓa zama a bencin lakwal ba, wato makarantar boko, ko na yini ɗaya. Ni nake faɗa, 'yata Sa'ida take rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Na ga yunwa uku, duka na binne su. Sanƙarau ya kama ni, ya gaji ya sake ni. Na faɗa rijiya gaba goma sha biyu, na fito da gugana a hannu. Mota ta kife da mu a hanyar Kano, aka kwashi mutane zuwa likita, ni kuwa na tashi na karkaɗe riga ina tambayar wa ya ga hulata.

Abin da duk waɗannan suka kasa yi mini, wani siririn allon gilashi ya kusa yi mini ranar Talatar da ta wuce.

Bari in ɗauko daga tushe. Shekara goma sha biyar ke nan wani furoje, irin ƙungiyoyin nan masu aikin taimakon manoma, ya sauka garinmu. Suka kafa ƙarfe a bayan gidana, suka ɗora masa kwalbar roba mai zane-zane, wai ma'aunin ruwan sama. Suka tambayi wa ya fi kowa sammako. Gari duka ya nuna ni, don zakara ma ni yake jira. Suka kai ni Magariya kwana uku, suka koya mini lambobi goma, wanda da sun tambaye ni da na ce musu kwana ɗaya ya isa. Ranar sallama suka damƙa mini ajanda.

Ku 'yan yanzu ba ku san ajanda ba. 'Yar na'ura ce daidai tafin hannu, launin toka, da murfi, da ɗan tsinke na roba da ake taɓa fuskarta da shi. Ƙananan pil biyu take ci, batir ke nan. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, in duba kwalba, in danna lamba, ta ce ƙit, ta haɗiye.

Daga ranar sunana ya canza. Ba mai saɓa sungumi ya fita shuka sai ya ji daga bakina.

"Mai-Ruwa, nawa aka yi?"

Sai in zura hannu aljihun gaba, ba gaggawa. In ciro ta, in juya baya kaɗan, don na riga na gaya musu idon jama'a na lalata ta. In taɓa, in yi shiru, in girgiza kai. Sannan in ce, "Ashirin da uku. A fita." Gari ya watse gona kamar an kaɗa ganga.

Bayan shekara uku furojen ya naɗe kayansa ya tafi, ba ko waiwaye. Ni ban daina ba. Kuma duk baƙon da ya zo, sai na buga aljihu na ce masa, "Duk ɗigon da ya sauka a garin nan yana cikin nan, da ranarsa."

To, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko marigayiya Mubina uwar Sa'ida. Ajandar nan shekara huɗu kacal ta yi da rai. Wata damina ruwa ya kama ni a gona, ta jiƙe sharkaf. Na binne ta cikin buhun gero kwana uku, ba ta motsa ba. Na ɗauke ta a ɓoye har kasuwar Maigatari wurin mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya ce, "Baba, wannan sai dai a yi mata sutura."

Na mai da ita aljihu na dawo gida. Me kuke so in yi? In tsaya gaban gari in ce daga yau ni tsoho ne kawai mai gadin kwalbar roba? Kwalba tana nan, idona yana nan, lamba ina karantawa daidai. Sai na ci gaba da danna gawa. Shekara goma sha ɗaya.

Yanzu ga inda soyayya ta shigo.

Altine. Ku tsaya in gaya muku Altine. Doguwa ce, baƙa, da wushirya, ta ba hamsin baya amma tafiyarta ba ta sani ba. Lallenta ba ya tsufa a ƙafa. Teburinta na ƙofar gidanta ƙarƙashin darbejiya: sukari, ganyen shayi, ashana, sabulu, pil, allura. Ba wani tebur a garin sai shi, don haka nan maza ke tsayawa in an fito sallar asuba. Mijinta Mohamman abokin gardamata ne, Allah ya jiƙansa, shekara biyu ke nan da rasuwa. Ni kuma Mubina ta bar ni shekara shida. Duk safiyar ruwa, teburin nan ne wurin da nake fara sanar da lamba, tun Mohamman na da rai. Bayan ta fita takaba sai na lura ina zuwa har ranar da ba a yi ruwa ba.

Na aika wa yayanta Bukar. Ya ce ita ba yarinya ba ce, wanda ta nuna shi za a ɗaura da shi. Ita kuma ta ce za ta nuna kafin a yi shukar bana.

Wanda ta nuna. Ai kun ji ba ni kaɗai ba ne.

Mushe Issoufou, don mu nan malamin lakwal Mushe ake ce masa. Tsohon malamin lakwal ne, ya gama aikinsa a Dungas ya dawo gari da tabarau da babur ja da kaftani mai aljihun ƙirji, alƙaluman bik uku a jere kamar sojoji: shuɗi, ja, baƙi. In ya yi magana sai ya tsoma Faransanci kamar mai zuba gishiri ba awo. Kuma ɗan Altine, Alkasim, da ke aiki Damagaram, shi yake so. Wata rana ina zaune ta kunna saƙon muryarsa, ta ƙara sauti, wai kunnenta ne ba ya ji sosai.

"Inna, don Allah ki duba. Mushe mutum ne mai ilimi, mai natsuwa. Wancan kuwa, ban da surutu me ya ajiye?"

Ta kashe, ta ci gaba da jera kwalin ashana.

Na ce, "Innar Alkasim, wancan ɗin wa yake nufi?"

"Oho. Masu surutu a garin nan suna da yawa."

Na yi dariya, na shafa aljihu. A raina na ce, Mushe na da bik uku, ni ina da na'ura. Bik ko yaro na da shi.

Ana haka sai ga saƙon Sa'ida daga Waca, inda take aure, muryarta cike da murna: "Baba, albishirinka! Sabon furoje na zuwa Talata. Za su karɓi tsofaffin na'urori su ba ku tabilet, sabuwa fil. An ce za su kwashe duk abin da ke cikin ajandarka su zuba a sabuwar. Ni ma zan zo in gani!"

Tuwon ranar, akuya ce ta ci shi.

Na yi tunanin ciwo. Amma wa zai yarda? Mutumin da ya ce sanƙarau ya ji tsoronsa ba ya kwanciya da zazzaɓi ranar taro. Na yi tunanin in ce an sace. Wa zai sata, a garin da kowa ya san ko wanka zan yi tana rataye a ƙusa gaban idona? Na yi tunanin rijiya. Na je har bakinta, na ciro ajandar, na riƙe. Hannuna ya ƙi buɗewa. Shekara goma sha biyar tana kwance a kan ƙirjina, jama'a. Na mai da ita.

Talata na ci ado, don in za a kashe mutum gara a same shi da tsabta. Shadda ruwan ƙasa mai aikin wuya, wadda na ɗinka bikin Sa'ida. Hula zanna, turare har sau biyu, takalmin fata da na goge da man gyaɗa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai gari, maza gefe, mata gefe. Altine na layin gaba cikin atamfa kore mai zanen ganye, mayafi fari, ta ɗora hannu bisa gwiwa. Mushe ya zo da kujerarsa ta roba daga gida, don shi ba ya zaman ƙasa.

Da hantsi farar mota kat-kat ta tsaya. Wata mata ta fito, gajera, mai kuzari, da jaka a kafaɗa. Madam Ramatou. Ta gaishe da mai gari, ta gaishe da mata, sannan ta ce, "Ina Baba Muttaƙa? Tun daga Magariya nake jin labarinsa. An ce duk yankin nan shi kaɗai ne bai daina awo ba."

Na miƙe. Ƙirjina ya buɗe da kansa, ban sa shi ba.

"Ga ni, 'yata. Waɗanda suka gaya miki sun rage."

Ta zuge jaka ta ciro abin. Wallahi na zaci madubi ne. Faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, kaurinsa bai kai na wainar da aka yi rowar ƙullu ba. Ta shafa da yatsa ya kama haske. Ta nuna mana gajimare na tafiya bisa ƙasarmu, ta ɗauki hoton mai gari ta nuna masa, ya ce a sake, bai gyara rawani ba. Ba tsinke, ba murfi, ba pil, rana ce abincinsa ta wani ɗan faranti. Na ɗaga shi, ba nauyi ko na ƙwai biyu. Na ce a raina, abin da ba shi da nauyi ina zai samu mutunci?

"To Baba, kawo tsohuwar mu kwashe."

"Madam, ba ta son hannun baƙo."

"Ba komai, ni na san irinta."

"Kuma ba ta buɗewa ranar Talata."

Aka yi dariya, an zaci wasa nake. Madam ta miƙo hannu, ta bar shi a miƙe. Na duba hagu, Sa'ida na murmushi tana ɗaukar mu a waya. Na duba dama, Altine ta zuba mini ido. Na ciro na ba da.

Madam ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta kare da tafin hannu, ta karkata.

"Pil ɗin sun mutu, ina ji."

"Haka ne!" na ce. "Jiya jiya suka mutu. Sai ki bar ta, wata mai zuwa..."

"Ba matsala," in ji wata murya daga kujerar roba. "Ga na rediyona, sababbi ne."

Mushe. Ya taso yana gyara tabarau, ya karɓi ajandata da yatsu biyu kamar ya kama ɓera. Ya juya bayanta, ya sa farce, ya ɓalle ɗan murfin.

Guntayen karan gero biyu suka faɗo kan tabarma.

Ni na yanka su, da wuƙata, daidai tsawon pil, don kada ramin ya zauna wayam ta riƙa ƙara a aljihu. Har sun yi baƙi sun yi santsi don tsufa. Ɗaya ya mirgina, ya mirgina, bai tsaya ko'ina ba sai gaban ƙafar mai gari.

Na faɗa rijiya, na gaya muku. Shirun cikin rijiya bai kai wannan ba.

Mushe ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga sama kamar mai nuna wa 'yan aji.

"Jama'a, ga fasahar da Turawa ba su kai ba. Na'ura mai aiki da kara. Malam Muttaƙa, na gero ya fi ƙarfi ko na dawa?"

Gari ya fashe. Wani ya kwanta bisa tabarma yana dukan ƙasa. Wani ya ce, "Shekara nawa muna shuka da umarnin kara!" Wani daga baya ya ce, "Mai-Kara!" Shi ke nan, suna ya kama. Sa'ida ta sauke wayarta a hankali ta sa a jaka.

Madam ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ta ce, "Baba, ke nan ba komai a ciki? Ruwan shekarun nan duka shi muka zo nema. Ba wani gari da ke da shi."

"Yana nan!" Na buga goshina. "Ajanda ta gaskiya ga ta. Tambaye ni kowace rana."

"Alhamdu lillahi," in ji Mushe. "Babban ruwan da ya rushe katangar masallaci, nawa aka yi?"

"Casa'in da biyar."

"Bara ɗari da goma ka ce," in ji limaminmu. Liman fa!

"Ni ɗari da talatin na ji," in ji wani.

"Ya danganta da inda mutum ya tsaya," na ce. Aka sake fashewa.

Madam ta rufe jakarta rabi. Ta ce tabilet na buƙatar wanda zai riƙe amana, kuma tunda akwai tsohon malami a gari, wataƙila kwalbar ma a mayar bayan gidansa. Mushe ya ɗora hannu bisa bik ɗinsa uku ya ce shi bawan jama'a ne. Na ga kwalba ta tafi, suna ya tafi, kuma na san abin da zai bi su. Ban iya duban layin mata ba.

Daga layin matan murya ta fito, ba ɗagawa.

"Sittin da biyu ne."

Aka juya. Altine ce.

"Ranar katangar masallaci. Sittin da biyu ya ce da safe. Kafin la'asar ta zama tamanin."

Na ce a raina, to, Mushe ya yanka, ita ta zo fiɗa.

Madam ta ce, "Inna, ya aka yi kika riƙe?"

"Ban riƙe ba. Ku jira ni."

Ta tashi, ta gyara mayafi, ta tafi da tafiyar nan tata, ba sauri, ta bar gari zaune. Ta dawo da tsohuwar langa mai murfi bisa kai. Ta sauke gaban Madam ta buɗe. Kwalayen sukari ne, an farke su an baje, an ɗaure dami-dami da zaren buhu. Dami goma sha biyar. Bayan kowane kwali rubutu ne da bik, layi-layi.

"Na yi karatun manya shekara biyu," in ji ta. "Marigayi ne ya sa ni. Kullum suna gardama da wannan bawan Allah, ya ce in riƙa rubuta abin da ya faɗa da ranar, don ya kama shi."

Madam ta durƙusa tana warwarewa. "Amma me ya sa kowace rana lamba biyu?"

"Ta sama ta safe ce, yana fitowa daga wurin kwalba. Ita ce gaskiya. Ta ƙasa ta yamma ce, bayan ya sha shayi ya samu masu saurare."

Kar ku tambaye ni dariyar da aka yi. Ni dai ina tsaye cikin shaddata, turarena na tashi a banza.

Madam ta buɗe tabilet, ta jawo lambobin Magariya, ta riƙa gwadawa da kwalaye, rana da rana. Ta daɗe. Sannan ta ɗago ta ce ranakun sun hau, lambobin safe sun zauna daidai, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ta ce, "Baba, idonka bai taɓa kuskure ba."

"Bakinsa ne," in ji Altine.

Nan take aka yanke. Kwalba ta zauna bayan gidana, ni ne mai dubawa. Tabilet kuwa, Madam ta ɗora ta a hannun Altine, ita ce mai shigarwa. Ni in kawo, ita ta danna. Ajandata aka jefa cikin wani kwali a bayan mota tare da 'yan uwanta matattu. Karan ma ba su ba ni ba.

Kafin a tashi, Mushe ya yi gyaran murya. Wai tunda abin akwai Faransanci a ciki, shi zai riƙa zuwa kowace safiya yana koya wa Hajiya. Hajiya! Ko Damagaram sau biyu ta je.

Kwana uku ban fita ba sai masallaci, shi ma sahun baya. Aljihuna ba nauyi, ina tafiya ina karkacewa. Sa'ida ta ƙi komawa Waca, tana dama mini fura tana kallona ta gefen ido. Ta ce, "Baba, ka bar maganar auren nan haka. Ka ji abin da ake kiranka?" Na ce na ji, kunnena bai mutu ba, na'ura ce ta mutu. Da hantsi ina jin ƙarar babur ja yana wucewa wajen darbejiya, kullum, kamar mai zuwa aiki.

Juma'a bayan la'asar gabas ta haɗe. Iska ta taso, ƙamshin ƙasa ya cika gari, mata na kwashe shanya a guje. Aka yi tsawa kamar za a tsaga sama. Sannan aka ɗan yayyafa, aka ɗauke. Ruwan farko na bana.

Asabar ina sallame asuba na zagaya bayan gida. Na ciro kwalba, na ɗaga daidai ido yadda aka koya mini. Na karkata ta. Na sake miƙar da ita.

Huɗu.

Huɗu, jama'a. Fitsarin akuya ya fi haka. Ranar da zan koma gaban gari, ranar da nake buƙatar lamba mai ƙiba wadda za ta sa a manta da kara, sai Allah ya ba ni huɗu. Ina tafiya ina ji tana girma a bakina da kanta. Kafin in wuce rumbuna ta zama takwas. A bakin masallaci goma sha huɗu ce, kuma goma sha huɗu lamba ce mai kyau, ba ta kai shuka ba, ba wanda zai yi asarar iri, wa zai cutu?

Na tarar da maza sun cika gindin darbejiya, wasu har da sungumi. Mushe na kan benci ya matso, yana nuna wani abu da bik ja. Altine na zaune bayan tebur, tabilet bisa cinya cikin wata 'yar jaka da ta ɗinka mata da ragowar atamfa kore.

"Ga Mai-Kara nan!"

"A ba shi hanya, ya sake sabon kara!"

Hannuna ya tafi aljihu da kansa, ya tarar ba kowa. Na sauke shi.

Altine ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga yatsa bisa gilashi, ta dube ni.

"Nawa, Malam Muttaƙa?"

Goma sha huɗu na kan harshena, ta yi wanka ta shirya. Na haɗiye ta. Ta fi ƙashin kifi wuyar wucewa.

"Huɗu."

"Huɗu da me?" in ji Mushe. "Ƙara mana kaɗan, ai safiya ce."

"Huɗu. Ba shuka. Kowa ya mai da sunguminsa."

Aka yi gunaguni, aka fara watsewa. Altine ta danna sau uku, abin ya ce ƙit. Wallahi irin ƙit ɗin tawa. Sannan ta juya ga benci.

"Mushe, na gode da ɗawainiya. Wuri uku ne kawai ake dannawa, tun Talata Madam ta nuna mini. Ka huta da zuwa, man babur na tsada."

Mushe ya gyara tabarau. Ya mai da bik ja cikin 'yan uwansa, ya tashi. Babur ɗin ma sai da ya buga sau biyar.

Muka rage mu biyu. Ta miƙa hannu kan katanga ta sauko da gwangwanin tumatir, ta karkato mini. Ɗan ruwa ne a gindinsa, ko farce ba zai rufe ba.

"Tun jiya na ajiye. Da ka ƙara ko ɗaya a kan huɗu, da babur ɗin can bai tafi ba."

Na zauna bisa tabarmar da ke gefen tebur ba a ce in zauna ba.

"Innar Alkasim, tun yaushe kika san ta mutu?"

"Wa ke sai da pil a garin nan?"

Na dubi kwalin pil da ke kan teburinta.

"Duk wata kana sayen biyu. Wata damina ka daina. Shekara goma sha ɗaya ina kallonka kana danna ta kana girgiza kai."

"Ba ki gaya wa kowa ba?"

"Ko Mohamman."

"To shi ya sa ki rubutu don ya kama ni. Shekara biyu ba ya nan. Don me kika ci gaba?"

Ta ɗauki tsumma ta goge fuskar tabilet, wadda ba ƙura a kanta.

"Kai ka daina zuwa ne?"

Na cire hulata na sake sawa.

Ta ce, "Ka tura mutanenka wurin Yaya Bukar ranar Juma'a. Amma ka ji sharaɗina. Lamba ɗaya. Ta safe ita ce ta yamma. Rijiyar nan ma da kake faɗa, gaba biyar ce, ina wurin."

"Bakwai."

"Biyar."

To ku gaya mini, duk ƙasar Damagaram wa ya taɓa samun mace da ruwa milimita huɗu? Wasu da babur, wasu da bik uku. Ni da abin da bai jiƙa gindin gwangwani ba. Sa'ida, rubuta wannan da kyau.

Ina cikin wannan daɗi, ina gyara zama, sai allon nan ya kama ruri bisa cinyarta. Ta ce, "Af, Madam ta ce har kira yana yi da hoto." Ta shafa kafin in ce tsaya. Fuska ta cika gilashin, da gemu, da ido irin na Mohamman sak. Alkasim, daga Damagaram. Tsohuwar ajandata, Allah ya ji ƙanta, shekara goma sha biyar ba ta taɓa nuna ni ga kowa ba.

Ya gaishe da uwarsa. Sannan idonsa ya gangaro gefe, ya tsaya.

"Inna, wane ne wannan a kan tabarmar babana?"

Altine ta juyo da allon ta saita shi daidai fuskata.

"Ga shi nan," ta ce. "Tambaye shi. Yau gaskiya yake faɗa."